Kowa da Kiwon da ya Karɓe Shi: Yadda Ake Gano Tukuicin da ke Gyara Hali

(Jawabin da wani malamin ilmin halayyar ɗan Adam ya yi wa ɗalibai da matasan ma'aikata a Kalambaina, Sakkwato.)



Da aka gaya mini a Kalambaina za a yi wannan zama sai na yi murna ƙwarai, domin kuwa a nan ne na koyi darasin da zan yi magana a kansa yau, kuma wanda ya koya mini shi wani yaro ne ɗan shekara bakwai wanda bai taɓa furta ko kalma ɗaya ba. Amma kafin in kai ga labarinsa, bari mu dubi abin da ke gabanmu. An kafa kamfanin siminti na nan a shekarar 1962, ya fara aiki a 1967, dalilin zaɓen wannan wuri kuwa shi ne dutsen farar ƙasa da ke shimfiɗe a ƙarƙashinsa, har masana ilmin duwatsu suka raɗa wa wannan shimfiɗa sunan Kalambaina. To, duk wanda ya san aikin siminti ya san ba a ɗebo dutse a zuba a tanderu don kawai ya yi kyau a ido. Sai an ɗebi kaɗan an kai ɗakin gwaji, an auna abin da ke cikinsa, sa'an nan a san yadda za a haɗa shi. Dutse ke nan, wanda ba ya jin zafi, ba ya jin daɗi. Mu kuwa da aikinmu ya shafi 'yan Adam, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da na jin daɗin jama'a, sau da yawa da zato muke aiki. Mukan yanke wa mutum abin da yake so ba tare da mun gwada ba, in aikin ya ƙi sai mu ɗora masa laifi.

Shekarun baya, ina ɗalibi a ajin ƙarshe, wani magidanci mai aikin lodi, maƙwabcin kawuna, ya roƙe ni in duba masa ɗansa. Yaron yana da lalurar da likitoci ke kira otizim. Ba ya magana, ba ya son haɗa ido da mutane, in ransa ya ɓaci kuwa sai ya yi ta tsala ihu yana cizon bayan hannunsa, har wurin ya yi kanta. An yi na Hausa, an yi na asibiti, an kuma tabbatar kunnensa lafiya lau yake. Ni kuwa a lokacin na karanta a littafi cewa in kana son koya wa yaro wani hali, to, ka ba shi lada duk lokacin da ya aikata shi. Saboda haka na cika aljihuna da alewa da biskit, na nufi gidan, da niyyar in koya masa zama a kan tabarma na ɗan lokaci, domin daga nan a samu hanyar koya masa sauran abubuwa. Mako uku ina zarya. In ya zauna in miƙa masa alewa, ya karɓa, ya jujjuya ta, ya jefar, ya tashi abinsa. Rannan mahaifiyarsa ta dube ni cikin tausayi ta ce, "Malam, kada ka wahal da kanka, yaron ga ba shi son komi." Saura ƙiris in yarda da ita. Har na fara rubutawa a littafina cewa wannan dabara ta Turawa ba ta ci a kan yaranmu. Alhali kuwa kuskuren nawa ne, don ban tambayi yaron ba.

Mene ne tukuici?

Domin a gane kuskuren nan, dole mu koma baya kaɗan. A shekarar 1898 wani Ba'amurke mai suna Edward Thorndike ya riƙa sa kyanwa a cikin akwati mai sakata, ya ajiye abinci a waje. Kyanwa ta yi ta kokawa har ta taɓa abin buɗewa bisa kuskure, ta fita ta ci. Da aka yi ta maimaitawa sai lokacin da take ɗauka ya riƙa raguwa. Daga nan ya kafa ƙa'idar cewa aikin da ya haifar da abin jin daɗi yakan ƙara tabbata, wanda bai haifar ba kuwa yakan dushe. Bayansa B. F. Skinner, wanda ya buga littafinsa na farko a kan wannan fanni a 1938, ya ƙara tace maganar. A wurinsa ba a cewa abu ya zama abin ƙarfafa hali sai in an ba da shi bayan aiki, aka kuma ga aikin ya ƙara yawa. In aikin bai ƙaru ba, to, abin nan kyauta ce kawai, komai tsadarsa, komai kyawun niyyar mai bayarwa.

Wannan abin ƙarfafa hali shi zan kira tukuici a jawabin nan, don ina ganin kalmar ta dace. Ku tuna yadda muke yi. An aiko yaro da kwanon abinci, ya durƙusa ya ajiye, nan take a ba shi ɗan abin da ya sawwaƙa, ba a ce masa ya dawo jibi. Gobe in za a yi aike gidan, shi zai riga kowa miƙewa. Abu biyu ke nan suka haɗu: tukuici yana biyo bayan aiki nan da nan, kuma yana sa mai aikin ya so ya sake. Maganin gyaran hali da ake yi a asibitoci da makarantun yara masu buƙata ta musamman a kan wannan harsashi aka gina shi. Sai dai akwai tambayar da littafin da na karanta bai tsaya a kanta ba, watau, da me za a yi tukuicin? Hausawa sun ce abincin wani gubar wani. Mai lafiya da baki za ka iya tambayarsa, ko da yake shi ma wani lokaci kunya takan sa ya faɗi abin da yake zaton kana son ji. To, wanda ba ya magana fa? Ko wanda ciwo ya sa ya daina kula kowa?

Mai sauraro zai ce, ai sai a tambayi uwarsa, ko malaminsa, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Lalle tambayarsu tana da amfani, da ita ma ake farawa. Amma an gwada wannan. A shekarar 1988 Carolyn Green da Dennis Reid da abokan aikinsu a Amurka suka sa ma'aikatan da ke kula da masu tsananin raunin ƙwaƙwalwa su jera abubuwan da suke ganin kowane ɗaya ya fi so, sa'an nan aka gwada mutanen su da kansu. Jerin ma'aikatan bai riƙa dacewa da abin da gwajin ya nuna ba, ga shi kuwa kullum suna tare da su. Ba rashin ƙauna ya jawo haka ba. Mu manya mukan tuna abin da muka saba bayarwa, da abin da ya fi mana sauƙin bayarwa, sai mu ɗauka shi ne abin da ake so.

Hanyoyi huɗu na tambayar wanda ba ya magana

Masana sun fito da hanyoyin gwaji da dama. Zan kawo huɗu, kuma za ku ga ba wadda ke bukatar injin ko wutar lantarki. Tabarma da faifai da fensir da takarda sun isa.

Ta farko ita ce ta miƙa abu ɗai-ɗai. Gary Pace da Brian Iwata da abokan aikinsu suka bayyana ta a 1985. Sun tara abubuwa 16, suka riƙa miƙa wa mutum ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa, ana rubuta ko ya kai hannu ko bai kai ba. Abin da ya kai wa hannu sau 80 cikin 100 ko fiye, sai a ce yana sonsa. Wannan hanya ta dace da wanda bai iya zaɓe tsakanin abu biyu ba tukuna. Aibinta shi ne akwai masu karɓar duk abin da aka miƙa musu, sai ka tashi da dogon jeri ba ka san wanne ne gaba ba.

Ta biyu ita ce ta haɗa biyu-biyu, wadda Wayne Fisher da abokan aikinsa suka fito da ita a birnin Baltimore a 1992. A nan abu biyu ake ajiyewa a gaban mutum, a ce ya ɗauki ɗaya. Wanda ya ɗauka a bar masa na ɗan lokaci, ɗayan a janye. Haka za a yi ta yi har kowane abu ya gamu da kowane. Su da suka yi da abubuwa 16, haɗi 120 ke nan. Amma in abu 6 ka tara, haɗi 15 ne kawai. In ka sake zagayowa kana sauya wuri, na dama ya koma hagu, ya zama 30, kowane abu ya fito sau 10. Sauya wurin nan wajibi ne, don akwai yaron da kullum hannun dama yake kaiwa, ko me aka ajiye a can. Wannan hanya ta fi ta farko rarrabe abin da aka fi so daga wanda ake karɓa don babu wani.

Ta uku ita ce ta jera su duka. Iser DeLeon da Iwata suka bayyana ta a 1996. A jera abubuwa kamar bakwai a kan faifai, mutum ya ɗauki ɗaya, a cire wannan daga jerin, a sassauya wa sauran wuri, ya sake ɗauka, har su ƙare. Wanda aka fara ɗauka shi ne na ɗaya, haka har na ƙarshe. Sun samu sakamakonta ya yi kusa da na hanya ta biyu, ga shi kuwa kimanin rabin lokaci take ci. Malamin da ke da aji cike da yara wannan ta fi masa sauƙi.

Ta huɗu ita ce ta sake wa mutum mara. Henry Roane da abokan aikinsa suka nuna a 1998 cewa minti 5 sun isa. A baza kayan, a koma gefe, a riƙa duban agogo ana rubuta abin da ya fi daɗewa a hannunsa. Tun da ba a karɓe masa komai, ta dace da yaron da ke tayar da hankali in an raba shi da abu.

Sai dai a lura, gwajin nan huɗu abin da ake so kaɗai suke nunawa. Sauran aiki shi ne a tabbatar ko abin zai ƙarfafa hali. Sai a zaɓi wani ƙaramin aiki da mutum zai iya, a ƙirga sau nawa yake yinsa ba tare da tukuici ba, sa'an nan a ƙirga bayan an fara ba da shi. In lissafin ya hau, an dace. In bai hau ba, a sake lale. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abin da yaron ya koya mini

Da wani malamina ya nuna mini hanya ta biyu, na koma gidan da abu shida: alewa, biskit, ƙosai, ɗan madubi, mafici, da wata motar gwangwani irin wadda yara ke ƙerawa, wadda na ara wurin wansa. Muka shimfiɗa tabarma a zaure, mahaifiyarsa tana riƙe da shi, ni ina ajiye kaya ina rubutu. Cikin sau goma da mota ta fito, sau tara ita ya ɗauka. Mafici ya biyo baya, ya ɗauka ya miƙa wa uwar ta yi masa fifita. Alewar da na yi mako uku ina talla kuwa, sau biyu kacal ya taɓa ta.

Da na sake duban gidan da idon basira, sai komai ya fito fili. Mahaifiyar tana da tiren alewa da biskit a ƙofar ɗaki, da shi take ɗan juya kuɗin cefane. Yaron da ya tashi a gindin tire, me alewa za ta yi masa? Mafici kuwa, a watan Afrilu muka yi gwajin, ku kuma kun san zafin Sakkwato a wannan wata, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40. Wannan shi ne abin da masana ke jan kunne a kai, cewa darajar tukuici tana hawa tana sauka bisa ga ƙoshi da rashi. Ruwan sanyi a bazara ya fi kilishi, a hunturu kuwa ko kallonsa ba za a yi ba. Da na sake gwajin a watan Disamba, mafici shi ya zo na ƙarshe. Saboda haka ba a yin gwaji sau ɗaya a rufe littafi. Akwai ma masu yin ɗan gajere kullum kafin a fara darasi. Har ila yau, ya fi kyau a gwada abinci daban, kayan wasa daban, domin bincike ya nuna in an haɗa su abinci yakan danne sauran a wurin mutane da yawa, sai a rasa ganin wasu abubuwan da za su yi amfani. Yarona ya saɓa wa wannan ne don ya ƙoshi da zaƙi.

Amma babban darasin yana gaba. Na tambayi mutanen gidan, in ya fara ihu da cizon hannu, me kuke yi? Suka ce wansa ne ke saɓa shi a kafaɗa ya kai shi bakin hanya, da ya ga manyan motocin siminti suna wucewa sai ya yi tsit. Jama'a, kun ga abin da ya faru. Abin da yaron nan ya fi so a duniya shi ne kallon mota, kuma hanya ɗaya tak ya sani ta samunsa, watau ihu da cizo. Mutanen gidan, saboda tausayi, sun shekara da shekaru suna biyan tukuici mafi tsada a kan halin da suke son ya bari. Wannan ba baƙon abu ba ne ga masana. Tun 1982 Iwata da abokan aikinsa suka nuna cewa cutar da kai irin wannan sau da yawa tana da abin da take samo wa mai yinta, ko kulawar mutane, ko tsira daga wani aiki mai wuya. A 1985 kuma Edward Carr da Mark Durand suka nuna cewa in aka koya wa yaro wata hanya mai sauƙi ta neman abin nan da yake nema, mugun halin yakan ragu.

Abin da muka yi kuwa ba wuya. Muka koya masa ya ɗauko takalminsa ya kawo wa wansa. Da farko da hannu ake kama shi a kai shi ga takalmin, da ya taɓa a fita da shi nan take. In ihu ya yi, a tsare hannunsa kada ya ji ciwo, a jira ya lafa, a nuna masa takalmi, sa'an nan a fita. Kwanakin farko ihun ƙaruwa ya yi, na kuwa riga na gargaɗe su da haka, don duk wanda ya saba ƙwanƙwasa ƙofa a buɗe masa, ranar da aka ƙi buɗewa sai ya ƙara ƙarfi kafin ya haƙura. Kafin damina ta faɗi, kantar hannunsa ta fara warkewa. Ban ce ya warke daga lalurarsa ba, har na bar unguwar bai yi magana ba. Amma ya samu hanyar cewa ina so, mutanen gidan kuma sun daina cewa ba ya son komai.

Ba abin hannu kaɗai ke zama tukuici ba

Labarin nan ya nuna cewa aiki ma yana zama tukuicin wani aiki. David Premack ya bayyana wannan a 1959, da ya ba yara zaɓi tsakanin cin alewa da buga wata na'urar wasa, ya ga cewa wanda yaro ya fi yi da kansa shi ke iya ƙarfafa ɗayan. Kakanninmu sun riga shi sani: gama wanke-wanke tukuna ki tafi dandali. Amfanin wannan ƙa'ida ga talaka babba ne, don ba ta cin ko kwabo. Ka zauna ka lura da abin da mutum ke yi in an ƙyale shi, ko wasa da ruwa, ko bin akuya, ko sauraron rediyo, ko zama kusa da kakarsa, ka samu tukuicinka ke nan.

Haka Teodoro Ayllon da Nathan Azrin suka yi a asibitin masu taɓin hankali na Anna, a jihar Illinois ta Amurka, tun daga farkon shekarun 1960, suka kuma buga littafi a kai a 1968. Matan da suka daɗe a asibitin, waɗanda aka riga aka fid da rai da su, aka riƙa ba su wasu 'yan ƙarafa kamar kwabo in sun yi wanka, ko gyaran gado, ko aikin ɗakin girki. Da ƙarafan nan kowace za ta sayi abin da take so: wata ɗakin da ba hayaniya, wata yawo a harabar asibiti, wata ganawa da ma'aikaci, wata kayan kanti. Da aka gwada raba ƙarafan kyauta ba tare da aiki ba, aikin ya faɗi warwas, da aka mayar da tsarin ya sake tashi. Hikimar ƙarfen ita ce ya bar zaɓi a hannun mai shi. Irin wannan dabara Stephen Higgins ya yi amfani da ita a jihar Vermont a 1991 ga masu shan hodar ibilis. Duk wanda gwajin fitsarinsa ya nuna bai sha ba sai a ba shi takardar sayayya, darajarta tana ƙaruwa muddin bai koma ba, ya saye abin da ya zaɓa tare da shawarar mai kula da shi. Wannan ya shafe mu, domin binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar tare da gwamnatin Nijeriya a farkon 2019 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda.

Inda ake yin tuntuɓe

Na san akwai mai cewa a ransa, wannan ai toshiyar baki ce, za a lalata yaro ya ƙi yin komai sai an biya shi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, bai kamata a yi watsi da ita ba. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford suka ɗauki yara masu son zane da kansu, suka yi wa wasunsu alkawarin takardar yabo in sun yi zane. Daga baya, da aka bar su ba alkawari, waɗanda aka yi wa alkawarin nan suka rage zane sosai, kusan rabin na sauran. Darasin shi ne kada a biya mutum kan abin da yake yi don kansa. Tukuici na aikin da bai kafu ba ne. Da ya fara kafuwa sai a riƙa tsallakewa, yau a bayar gobe a'a, a kuma haɗa shi da yabo da fara'a tun farko, har ya zama daɗin aikin da yabon mutane sun wadatar. Toshiyar baki kuwa kafin aiki ake ba da ita, don a karkatar da gaskiya. Ko a makarantar allo, in yaro ya kai wani mataki akan yi masa sadaka, in ya sauke a zayyana masa allo a yi walima, ba mu kuma taɓa jin an kira wannan cin hanci ba.

Tuntuɓe na biyu ya fi muni. Tun da rashi yana ƙara wa abu daraja, mai gaggawa zai ce bari in hana shi abinci don ya ji magana. Wannan zalunci ne, ba magani ba. A Amurka ma sai da kotu ta shiga tsakani. A shari'ar Wyatt da Stickney, a jihar Alabama a 1972, alƙali Frank Johnson ya yanke cewa abinci mai gina jiki da gado da tufafi da ziyarar 'yan'uwa haƙƙi ne na mai jinya. Abin da yake haƙƙi kuwa ba ya zama abin ciniki. Tukuici daga ƙari ake yinsa, ba daga abin da rai ya dogara a kai ba. Mu ma muna da namu tabon. A watannin Satumba da Oktoba na 2019 'yan sanda suka buɗe wasu gidajen mari a Kaduna da Daura da Zariya, aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sasari a ƙafa. Iyaye da yawa da kansu suka kai 'ya'yansu, don ba su san wata hanya ba. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma amince da haƙƙoƙin masu wannan lalura. Amma doka ba ta shiga zaure ta zauna da uwa. In muka ce wa iyaye su ajiye bulala da mari, wajibi ne mu sa musu wani abu a hannu wanda ke aiki.

Ba kuma sai mun jira ƙwararru sun wadatu ba. Tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abeokuta, cewa ana iya jinyar masu taɓin hankali a cikin ƙauye tare da danginsu, dangin suna cikin aikin. A nan Sakkwato muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma can ya kamata a fara kai duk wanda ke cutar da kansa ko waninsa, domin likita ya duba ko akwai ciwo a jiki, ko haƙori ko kunne ko farfaɗiya, wanda mai shi ya kasa faɗa. Amma bayan an baro asibiti, sauran awoyin yini a gida ake yinsu da makaranta.

Saboda haka ga roƙona gare ku. Ku ɗalibai masu shirin zama malamai, in an tura ku koyon aiki, ku nemi yaron nan da kowa ya ce ba ya ji, ku ba shi minti biyar da faifai, ku rubuta abin da ya ɗauka. Ku ma'aikatan jinya da na jin daɗin jama'a, ku buɗe shafi ɗaya a fayil ɗin kowane mutum, ku rubuta abin da ya zaɓa da ranar da ya zaɓa, domin wanda zai gaje ku kada ya fara daga tushe. Ku kuma da za ku zauna a ofis kuna tsara kasafi, kada ku sayo kwali ɗari na abu iri ɗaya ku raba wa makarantu ku ce an ba da kayan ƙarfafa gwiwa. Ku bar wa malamin aji ɗan abin da zai saya bisa ga abin da yaransa suka nuna. Mu koya wa iyaye mata wannan gwaji da Hausa, da kayan da ke cikin ɗakunansu, domin su ne ke tare da yaran dare da rana.